Dosiyen __MACOSX da ke fitowa cikin zip: wa ya taɓa cin karo da shi?

Mai ɗaukar hoto, Bagalam: Salamu alaikum ƴan'uwa. Makon jiya na matse hotunan biki 240 cikin zip a MacBook, na aika wa mai wanke hoto. Bayan la'asar ya kira ni rai a ɓace, wai birus na turo masa. Da ya buɗe a Windows sai ga wani dosiye mai suna __MACOSX, cike da fayiloli masu fara suna da ._ kuma babu wanda ke buɗuwa. Ni a wajena ko alamarsu ban gani ba. Wa ya taɓa shiga wannan?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, ba birus ba ne. Mac na ajiye ɗan bayani a gefen fayil, kamar launin alamar da ka sa masa ko inda aka sauko da shi. In ka matse da Finder, wato manhajar duba fayiloli ta Mac, sai ta zuba bayanin cikin waɗannan ._ ɗin. Mac in ta warware zip tana mayar da su wurinsu shiru, Windows kuwa ba ta san da zancen ba, sai ta baje su a fili. Akwai kuma .DS_Store, mai riƙe yadda ka jera kaya a dosiye. Don cire su daga zip ɗin, buɗe Terminal, wurin rubuta wa Mac umarni, ka rubuta zip -d hotuna.zip "__MACOSX/*" "*.DS_Store", shi ke nan. Shi ma mai wanke hoton ban ga laifinsa ba: wanda birus mai ɓoye kaya a kile (USB) ya taɓa cinye wa aiki, baƙon suna kaɗai na tsinka masa zuciya.

Mai turi, babbar kasuwa: Ni ba a zip ta same ni ba, a kati ne. Wani Alhaji mai zuwa Katsina ya kawo katinsa na zuba masa karatu da wa'azi daga Mac ɗin yayana. Tun kafin ya kai Ɗan Isa ya bugo waya: rediyon motar na nuna kowane karatu sau biyu, ɗaya na yi, ɗaya sai ta tsallake. Da ya dawo sai da na mayar masa da kuɗinsa. Yanzu kafin in zare kati ina sa umarnin dot_clean -m a kansa, ya share ._ ɗin.

Sakatariya, Zariya: Malam, kar a ɗora wa Mac kaɗai. Tsohuwar kwamfutar ofishinmu mai Windows XP tana barin Thumbs.db, fayil mai ajiye ƙananan kwafin hotuna, a duk dosiyen hoto. Na taɓa cire wasu hotuna kafin in aika zip, ashe ƙananan kwafinsu na nan kwance cikin Thumbs.db, wanda na aika wa kuma ya iya buɗe shi. Kunyar ranar har yau ban manta ba. Tun daga nan sai na leƙa cikin zip da manhajar 7-Zip, in goge Thumbs.db da desktop.ini, wani ɓoyayyen fayil na Windows, sannan in aika.

Ɗalibin jami'a: Gaskiyarki Hajiya, amma a yi hattara da share duk abin da ya fara da ɗigo. Haka na yi wa aikin shafin intanet da zan miƙa wa malami, na haɗa da .htaccess, mai riƙe saitin shafin, da .git, mai riƙe tarihin gyare-gyare, na watsar. Shafin ya ƙi tashi, tarihin gyare-gyaren wata biyu ya tafi.

Mai ɗaukar hoto, Bagalam: Na gode yaya mai gyaran kwamfuta, umarnin ya yi. Na sake aikawa, mai wanke hoton ya ce hotuna 240 cif ya gani. Na danna Command da Shift da ɗigo in ga ɓoyayyun, sai ga .Trashes, kwandon sharar Mac, cikin kile ɗina ta riƙe giga 3 na hotunan da na ɗauka na goge tun azumi.