Hajiyarmu ta Kwari ta rasu, me ya kamata mu yi mata da kuɗin da muka haɗa?

'YarGwammaja

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyar da ta koya mana kasuwanci a Kantin Kwari Allah ya yi mata rasuwa, har an yi bakwai an watse. Masu shiga layin 'yan atamfa za su gane ta, ita ce ake ce wa Hajiya Mai Fasfo, ba zan kama suna ba tunda ban nemi izinin iyalanta ba. Mu yaran shagonta da ƙawayenta na tafiya mun buɗe guruf a WhatsApp mun haɗa abin da ya sawwaƙa, ba wani mai yawa ba ne amma zai yi abu ɗaya mai kyau, sai kuma kanmu ya rabu, wasu sun ce a buga kalanda da hotonta, wasu a dafa abinci a kai gidan marayu, wasu a sayi Alƙur'anai a raba masallatai, ni dai duk babu wanda ya kwanta min.

Matar nan fa tun kafin mata su fara rububin Dubai ita ta gama da Kwatano da Lome a mota. Ta san kasuwar Dantokpa ta Kwatano lungu lungu, tana ciniki da Faransancin da ta tsinta a hanya, tana lissafin sefa da ka kafin 'yan canjin Wapa su gama danna kalkuleta. Daga baya ta koma Dubai da Guangzhou. Kuma ba sari kaɗai ke kai ta ba, in ta gama ɗaure kaya sai ta ce to saura ganin gari. Ta je Agadas takanas don ta ga hasumiyar masallacin nan ta ginin ƙasa, ta shiga zangon Kumasi ta yi ƙawaye, da ta je Sudan sai da ta nemi motar garin Mai Wurno wai tana son ta ji irin Hausar jikokin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. To mace irin wannan a ce kalanda? Me kuke gani?

Malamin_Ɗorayi

Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. 'Yar uwa kafin komai ku zauna da magada ku tambaya ko akwai bashi a kanta, ɗan kasuwa ba ya rasa 'yan kuɗin mutane a hannunsa ko kayan da ya karɓa bai gama biya ba. A dukiyarta ake fara cire bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan gado. Idan dukiyar ba ta kai ba to babu gatan da za ku yi mata da ya wuce ku sauke mata shi da kuɗin nan naku. Idan kuma babu, ni ruwa zan ce. Sa'adu bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, ya ce shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Kalanda kam shekara na ƙarewa a wurin mai ƙosai za ku gan ta. Sannan kada ku bari kuɗin nan ya cakuɗe da na gado, ku rubuta wanda ya bayar da abin da ya bayar.

Injiniya_Hotoro

Malam ya yi gaskiya amma bari in ɗan tsoma baki tunda aikina ne. Ku zaga unguwanni ku ƙirga burtsatsen sadaka nawa ne suka mutu, allo na nan da sunan mamaci an rubuta sadaƙatul jariya, famfo kuwa ko ɗigo babu, 'yan garuwa na wucewa ta gabansa da kura. Ƙarƙashin birnin Kano dutse ne, ruwan a tsagar dutsen yake da kuma ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa ya samu kai ka haƙa ka tashi a tutar babu. Dole a fara auna wurin da na'ura kafin a kira masu haƙa, kuma ko an auna ba tabbas ba ne ɗari bisa ɗari. Ku sa sola kada ku yarda da janareta, don ranar da aka fara cewa a haɗa kuɗin mai ranar aikin ya fara mutuwa. A samu takardar filin a rubuce, a samu mutum biyu ko uku na wurin masu kula, kuma ku ware wani kaso ku ajiye don gyara, injin da ke cikin ramin shi ke fara ba da matsala. In kuɗin bai kai sabuwa ba ku nemi matacciya ku tayar, sau da yawa ramin lafiyarsa ƙalau inji ne kawai ya ƙone ko tanki ya fashe.

Hajiya Ta Fagge

Innalillahi. 'Yata, jikata ce ta nuna min wannan rubutun na ce ta buga min amsa. Ƙawata ce, tare muka yi tafiye-tafiyen nan tun muna da ƙarfi. Akwai ranar da motarmu ta lalace bayan mun wuce Tanut za mu Agadas, ba gida gaba ba gida baya, rana kamar ta fasa kai, maza sun tsaya suna ta musu da direba, ita ko ta sa yaron mota ya sauko mata da jarkarta daga saman mota. Mutane suna yi mata dariyar jarkar nan a tasha fa, wai Hajiya da kaya kamar mai ƙaura. Ta ɗaura zani biyu a jikin motar ta yi wa masu goyo inuwa, ta ɗauki murfin fulas ta dinga auna ruwa tana bi kan yara ɗaya bayan ɗaya, ta kwance kilishi da dabino, har da wani Buzu da ba ya jin Hausa sosai sai da ta sa shi dariya. Haka muka kwana har aka kawo kayan gyara. Jakarta ba ta rabo da yaji da garin kunu da allura da zare da maganin zazzaɓi.

Kuma maganar bashi da Malam ya yi, ita ke bin mutane. Lokacin da aka rufe boda a 2019 kayanta sun maƙale wata da watanni ba ta kori yaron shago ko ɗaya ba, sannan da ambaliya ta shiga Kwari a 2022 ta jiƙa wa mutane diloli, a gabana ta buɗe littafin bashinta ta soke sunayen ƙananan 'yan kasuwa da biro ta ce kada wanda ya sake tayar da zancen. Ni dai in za ku yi ruwan ku yi shi inda matafiya suke, a tashar mota, ba cikin unguwar masu hali ba.

Abu_Sharaɗa

Allah ya gafarta mata. Amma fa mu ji tsoron Allah, mace ta yi ta yawon ƙasashe haka, ina muharraminta?

Hajiya Ta Fagge

Ɗana, da ƙanenta ta fara tafiya, da ɗanta ya girma shi ke riƙe mata jaka, kuma da yardar mijinta har ya koma ga Allah. Ko ba haka ba ma ai ba a zaman makoki ake wannan tambayar ba.

Ƙaramin_Dila

Anti ni ma ta hannunta na fara fita, ita ta nuna min yadda ake duba turmi a gane mai zuba tun kafin a wanke, da yadda ake raba kuɗi gida uku a jiki in za a tsallaka boda. Abin da nake gani ko an yi ruwa a haɗa da wannan: ku bi su Hajiya Ta Fagge da waya ku naɗi labaran nan da muryarsu, hanyoyi da masauki da yadda suke yi da kwastan a da, a tura wa 'ya'yanta su ajiye. Wannan ba ya cin ko kwabo, caji kawai da data. Ni zan iya ɗaukar na 'yan layinmu.

'YarGwammaja

Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na tura komai a guruf kuma yawanci sun karkata kan ruwa a tasha, masu kalanda ma sun sauko. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu je wurin babban ɗanta kan maganar bashi. Injiniya akwai wata matacciyar burtsatse da wani direba ya faɗa mana a wata tasha ta wajen Unguwa Uku, ya ce tankin ma yana nan, za ka iya zuwa ka duba mana ramin kafin mu yi wa shugabannin tashar magana? In da hali Asabar da safe, na turo maka lambata ta saƙo.