Roberto Calvi a ƙarƙashin gadar Blackfriars: shi ya rataye kansa ko rataye shi aka yi?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana binciken gawa da shari'a a kan Roberto Calvi ce, shugaban bankin Banco Ambrosiano na Italiya, wanda aka tsinci gawarsa da safiyar 18 ga Yuni, 1982, tana reto jikin ƙarafan da masu gyara suka kafa a ƙarƙashin gadar Blackfriars a Landan. A aljihunansa da cikin wandonsa akwai bulo da duwatsu wajen kilo 5, ga kuɗin ƙasashe daban-daban kimanin dala 15,000, ga fasfo na jabu. Zaman farko na binciken musabbabin mutuwarsa a Landan ya ce shi ya kashe kansa, na biyu ya ce ba a tabbatar ba, daga baya kotun Italiya ta ce kisa ne. Gawa ɗaya, hukunci uku. Wace hujja ce ta zahiri ta raba gardamar?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye zargin da ake yi cewa Mafiya (ƙungiyar masu aikata laifi ta Italiya) ko bankin fadar Fafaroma na da hannu a mutuwarsa tukuna, ka dubi takalminsa. Nan zancen yake.

In shi ya kai kansa wurin, dole ya tsallake katangar bakin kogi, ya sauka ta wani tsanin ƙarfe, ya ƙetara tazarar da ke tsakanin tsanin da ƙarafan, sannan ya bi ta kansu har inda aka ɗaure igiyar. Duk wannan cikin dare, mutum mai shekara 62, da nauyin duwatsu a jikinsa. Ƙarafan kuwa sun sha ruwa da iska, duk tsatsa ne da fenti mai ɓarewa. Wanda ya taka su, sai ɓurɓushin tsatsa da fentin sun shige ƙasan takalminsa, musamman mai tafin fata, domin fata tana karcewa ta riƙe abin da ta taka.

A 1991 iyalinsa suka ɗauki kamfanin bincike na Kroll, kamfanin ya kawo masaniyar kimiyyar gano laifi Angela Gallop. Aka nemo ainihin irin ƙarafan aka sake kafa su, aka sa wa mutum tufafi da takalman Calvi da iyalin suka bayar, aka cusa masa bulo yadda aka samu a jikin gawar, ya hau ya yi tafiyar. Sakamakon shi ne takalmi ba ya fita daga wannan hawa ba tare da tabo ba. Na ƙafar Calvi kuwa babu wannan alama. Akwai kuma bulon da ke cikin gaban wandonsa. Duk wanda ya yi tafiya da hawa da bulo a wannan wuri, sai ya goge masa cinya ya kuma bar alama a ƙyallen.

Da aka tono gawar a Disamba 1998, rahoton masana da ya fito a 2002 ya ƙara abu biyu: ba a ga alamar hannunsa ya taɓa bulon ba, kuma raunin wuyansa bai yi daidai da na wanda ya rataye kansa ba.

Hajiya Binta:
Malam Sabo, ban ƙi ta taka ba, amma ka yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Waɗanda suka ce kashe kansa ya yi ba daga sama suka tsinto maganar ba. A 1981 an same shi da laifin fitar da kuɗi daga Italiya ba bisa ƙa'ida ba, aka yanke masa shekara 4, kuma ya taɓa yunƙurin hallaka kansa lokacin da yake tsare. A lokacin bankin yana da ramin bashi na sama da dala biliyan ɗaya. Ranar 17 ga Yuni aka tuɓe shi daga shugabanci, a ranar kuma sakatariyarsa Graziella Corrocher ta faɗo daga tagar ofishin bankin a Milan ta mutu. Washegari aka tsinci gawarsa. Likitan da ya fara duba gawar, Farfesa Keith Simpson, yana cikin manyan masu wannan aiki a Ingila a zamanin, kuma bai ga alamar duka ko kokawa ba.

Sannan hujjar "ba a samu kaza ba" tana da rauninta. Takalmin ya jiƙa a kogi, an cire shi, an ajiye shi shekaru kafin a yi gwajin. Hannun da aka duba bayan shekara 16 a kabari ba hannun ranar farko ba ne. Rashin ganin abu a irin wannan yanayi ba ya kai ganinsa ƙarfi a gaban alƙali.

Malam Sabo:
Gaskiya ne Hajiya, batun hannu ni ma ban ɗora masa nauyi sosai ba. Takalmin dai daban ne. Ruwa yana wanke ƙura, amma ba ya goge karce a fata, ɓurɓushin da ya nutse cikin tafin kuma ba ya fita da jiƙewa kawai. An gwada hakan ma, aka jiƙa takalman gwajin don a ga ko tabon zai tafi.

Baban Khalifa:
Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ruwan kansa. Kogin Thames a tsakiyar Landan yana cika yana janyewa sau biyu a rana saboda teku, bambancin kan kai mita 6 ko fiye. Da safe da wani mai wucewa ya hango gawar, ruwa ya riga ya ja baya, sai wurin ɗaurin igiyar ya zama can sama, kamar ba a isa gare shi sai ta hawa ƙarafan. Cikin dare kuwa, da ruwa ya cika, mutumin da ke tsaye a ƙaramin jirgi zai iya miƙa hannu ya ɗaura igiya a wurin. Ma'ana ana iya kawo mutum a sume ko a mace ta ruwa, a maƙala shi, jirgi ya wuce, ƙafarsa ba ta taɓa ƙarfe ba. Wannan shi ya yi daidai da hujjar takalmin da Malam Sabo ya kawo.

Game da wuya, ga yadda likitoci ke bambancewa. Wanda nauyin jikinsa ya ja igiya, sawun yakan yi sama ta wajen ƙullin, bai cika zagaye wuya duka ba. Wanda aka shaƙe daga baya, sawun yakan kwanta a miƙe, ya fi yin ƙasa, sau da yawa da karcen farce inda ya yi ƙoƙarin ɓamɓare igiyar. Ana kuma duba ko jini ya taru a naman da ke ƙarƙashin sawun, alamar zuciya na bugawa lokacin da abin ya faru. Matsalar ita ce wanda aka sumar sannan aka rataye shi da ransa, wuyansa zai nuna duk alamun rataya na gaskiya. Saboda haka binciken Simpson yana iya zama daidai, kuma a ce kisa ne duk da haka. Likita yana faɗin abin da ya kashe mutum ne, ba wanda ya ɗaura igiyar ba.

Kuskuren ya faru ne tun ranar farko. An ɗauki abin a matsayin kashe kai kafin ma a san ko wane ne, domin fasfon na ɗauke da sunan Gian Roberto Calvini, Calvi kuma ya aske gashin bakinsa. Wurin da ruwa ke rufewa sau biyu a rana ba ya jiran mai bincike.

Lauya Aminu:
Ta fuskar shari'a a taƙaice: zaman Yuli 1982 ya ce kashe kai, aka soke shi, na 1983 ya bar hukunci a buɗe. 'Yan sandan birnin Landan sun sake buɗe fayil ɗin a matsayin kisa a 2003. A Roma aka gurfanar da mutum biyar a 2005, ciki har da Pippo Calò na Mafiyar Sicily da ɗan kasuwa Flavio Carboni, wanda ya taimaka wajen kai Calvi Landan. A Yuni 2007 aka sallame su duka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010, kotun ƙoli a 2011. Kotun Roma ta yarda kashe shi aka yi, amma hujjar da ta nuna cewa bai hau ƙarafan da ƙafarsa ba, ba ta nuna wanda ke cikin jirgin ba. Iyalin ma suna da dalilin nacewa bayan wanke suna, domin inshorar rayuwarsa ba za ta biya ba muddin hukuncin kashe kai na tsaye. Hajiya Binta na iya riƙe wannan a ɓangarenta, tunda su suka biya kuɗin gwajin takalmin.