Neman kalmar Hausa: me za mu kira "streak" na manhajojin karatu?

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu Hausa a baki ku matso kusa. Muna haɗa wani ɗan bayani ne da Hausa saboda ƙannenmu masu shirin jarrabawar JAMB da WAEC, akan yadda za su mori wayarsu wajen karatu maimakon ta riƙa cinye musu lokaci, to komai na tafiya daidai har muka zo kan kalmar streak muka tsaya cak.

Ga wanda bai sani ba, streak shi ne lissafin kwanakin da ka yi kana yin abu kullum ba ka tsallake ko ɗaya ba. Wanda ke amfani da Duolingo, manhajar koyon harsuna, ya san wannan alamar harshen wutar da ke sama da lamba a gefenta, yau ka yi darasi lambar ta ƙaru da ɗaya, gobe ka yi ta ƙaru, ranar da sha biyun dare ta buga ba ka yi komai ba shikenan ta koma sifili ko da ka tara kwana ɗari uku. Snapchat ma na da nasa tsakanin abokai, kuma kusan duk manhajar da aka yi don gina ɗabi'a sai ka tarar da shi a ciki. Yaran namu "sitirik" suke cewa, sitirik ɗina ya mutu, sitirik ɗina ya kai kaza. Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce su can "seri" suke cewa don wayarsu da Faransanci take. Ni ba na faɗa da aron kalma, ai da aro muka samu mota da kwamfuta, amma wannan kam ina ganin muna da abinmu a gida, tun kafin a yi waya iyayenmu suna ƙirga irin wannan abu.

Ga abin da mutane suka kawo zuwa yanzu.

Na farko "jere", ko "jeren kwanaki". Shi ne wanda ya fi saurin zuwa baki kuma babu kuskure a ciki, kwana 40 a jere Hausa ce tsantsa. Matsalata da shi ita ce in ka cire shi daga jimla ka ɗora shi kaɗai a fuskar waya bai ce komai ba, jeren me? jeren kwanuka ne ko jeren ɗakin amarya? Sai an yi masa jela kafin a gane.

Wani ya ce "sarƙa", wai kowace rana ƙawanya ɗaya ce, in ka tsallake ta tsinke. Hoton ya yi kyau gaskiya, sai dai kunnen Bahaushe in ya ji sarƙa ko dai ta wuya ko ta ɗaure kare ko fursuna, ba na so yaro ya riƙa jin karatunsa ɗauri ne.

Wani malamin islamiyya, Allah Ya saka masa da alheri, ya kawo "dawwama" ya kafa hujja da hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Malam wallahi ta fuskar ma'ana babu wanda ya kai ka, ainihin ruhin abin kenan, kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya. Inda na tsaya kawai shi ne dawwama ba ta ƙirguwa, ba za ka ce dawwamata ta kai goma sha biyar ba, shi kuwa streak gaba ɗayansa lamba ce. Haka "lazimi" da wani ya ambata, wannan kalma tana da masu ita, wuridi ne na kullum ga 'yan ɗariƙa, bai dace mu ɗauko ta mu liƙa a manhajar koyon Turanci ba.

Akwai kuma wata baiwar Allah da ta ce a kira shi "yau da gobe", daga karin maganar nan yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Wannan ya yi min daɗi sosai kuma zan sa shi a matsayin kan babin, amma a matsayin sunan lissafin ya yi faɗi da yawa.

Ni dai nawa shi ne "ba-fashi".

Ku tuna yadda ake cewa a gida, yaron nan kullum yana zuwa makaranta ba fashi, ko wata guda kenan yana zuwa masallaci ba fashi. Duk wanda ya yi makarantar allo ko islamiyya ko firamare ya san menene fashi, ranar da ba ka je ba ce, kuma ya san ana lura. To streak ba komai ba ne illa ƙirgen kwanakin da ba ka yi fashi ba. Ku gwada shi a baki ku ji: kwana 40 ba fashi. Ka yi fashi jiya, lissafi ya koma farko. Saura awa biyu, kar ka yi fashi yau. Babu inda harshe ya yi tuntuɓe, kuma ko kakarmu aka karanta wa ba sai an yi mata bayani ba. In kuma suna ake buƙata tilo, ai muna da irin wannan ginin a "ba-zata", to sai mu ce ba-fashina ya kai kwana 40. Shi ya sa nake sa 'yar karan tsakani, don in an haɗe shi bafashi zai yi kama da sunan mutum irin Bakano ko Bagobiri.

Na ga ƙorafin da wani yayanmu ya yi cewa fashi ai shi ne na 'yan fashi da makami. Yaya gaskiya ne a rubuce ɗaya suke, amma a baki daban suke, na makaranta ana jan "fa" ɗin ne don daga fasa zuwa ya fito, kamar an fasa tafiya, na 'yan fashi kuwa gajere ne. Kuma mun daɗe muna rubuta su iri ɗaya babu wanda ya taɓa karanta "fashin makaranta" ya ɗauka an tare hanya ne.

Akwai dalili na biyu da ya sa na nace akan wannan kalma, kuma shi ya fi damuna. Streak yana da wata illa da na gani da idona a wurin ɗalibai, lambar ce take komawa abin nema karatun ya koma baya. Yaro zai shiga ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare ya yi darasi mafi sauƙi na minti biyu don kawai kar wutar ta mutu, bai ƙaru da komai ba. Mafi muni kuma ranar da ta mutu, sau da yawa ba ma laifinsa ba ne, NEPA ce ta ɗauke wuta waya ta mutu ko data ta ƙare ko sabis ya ɓace a garinsu, sai ya ga sifili ya karaya ya watsar da abin gaba ɗaya kamar duk kwanakin baya sun tashi a banza. Alhali binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 na tsawon mako 12 suna ƙoƙarin mayar da wani abu ɗabi'ar kullum, aka ƙiyasta cewa tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18 wasu har 254, sannan tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ɗabi'ar ba. Wato wayar ce ke mayar da kai sifili, ƙwaƙwalwarka ba ta yi ba.

To a Hausa fashi ba mutuwa ba ne. Wanda ya yi fashi yau gobe yana dawowa aji ya ɗora daga inda ya tsaya, allonsa na nan ba a wanke masa haddar baya ba. Yaron da ya ce "na yi fashi jiya" ya san abin yi, ya koma yau. Wanda ya ce "sitirik ɗina ya mutu" makoki yake yi. Ina so ƙannenmu su ɗauki ta farkon.

Kuma wannan kalma ta warware mana wata matsalar kyauta. Duolingo na da abin da suke kira streak freeze, wanda kake tanada tun kafin rana ta ɓaci, in ka tsallake kwana ɗaya sai ya tare maka lissafin kar ya rushe. Wani ya fassara shi da "daskarar da jere", ni kam ban ga ƙanƙara a maganar ba. Inda akwai fashi ai akwai uzuri, ɗalibi ba shi da lafiya ko an yi rasuwa a gida ya aiko da uzuri malam ya karɓa ba a rubuta masa fashi ba. Saboda haka "uzuri" kawai, kana da uzuri biyu a ajiye, an yi amfani da uzuri ɗaya jiya.

Wata antinmu malamar makaranta ta ƙara da cewa a takardar a ba yaran shawara su ajiye nasu ba-fashin a bayan littafi da biro, su riƙa sa alama kowace rana da suka zauna karatu na gaske ko da minti ashirin ne, don wannan ba ruwansa da caji ko data, kuma su da kansu za su yanke wane ne uzuri wane ne lalaci. Anti mun karɓa, zai shiga.

Yanzu dai abin da zan rubuta a takardar: streak ba-fashi, streak freeze uzuri, in ya katse a ce an yi fashi. Mutanen Sakkwato da Damagaram da Zangon Kumasi ku faɗa mana in "fashi" da wannan ma'anar yana gudana a bakinku kamar yadda yake a Kano da Zariya, don takardar har wajenku za ta je, in akwai wata kalmar da kuka fi amfani da ita ga ranar da yaro bai je makaranta ba ku ajiye ta a ƙasa kafin mu buga.