Wane firam ya dace da duwatsun Mandara?

Masu gyaran keke da wasu mahaya a Marwa, a arewacin Kamaru, sun tattauna kan firam (wato gangar jikin keke) ɗin da ya kamata mutum ya saya in zai harhaɗa keken hawan dutse da kansa, irin wanda zai jure hanyar Mokolo zuwa Rumsiki, hawa da gangara.

An fi daɗewa kan abin da aka ƙera firam da shi. Na kabon, wanda zare ne da aka daskarar da gam, ba ƙarfe ba, ba shi da nauyi, amma in dutse ya tsaga shi, babu mai walda a kasuwa da zai iya taɓa shi. Alminiyum ya fi araha, sai dai waldarsa sai gwani mai injin musamman. Baƙin ƙarfe kuwa, duk da nauyinsa, ko a ƙauye ana ɗinke shi. Ni dai a nan ina bayan makanikai, masu son baƙin ƙarfe.

Matasa sun fi son firam mai shokozoba gaba da baya, mai lotsawar milimita 140 zuwa 160, don ya fi kwanciya a gangara. Gaskiyarsu ne, amma wani dattijo ya ce, “'Ya'yana, ku tuna da ƙurar hunturu.” Ita ke cinye boris ɗin mahaɗan baya, kuma samun sabo a nan aiki ne.

Kafin a biya kuɗi, a duba ko taya inci 29 yake ɗauka ko 27.5, kuma faɗin bayansa ya dace da tayar. Sababbin firam galibi faɗin bayansu milimita 148 ne, ma'aunin da ake kira Boost. Ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya shi ke fara lanƙwashewa in an faɗi, don haka a sayo biyu tun farko.