Na zana A Daidaita Sahu a Blender, in na sayar da tambarin kamfani a jiki akwai matsala?

Ɗan Gaya:

Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya sani don Allah ya amsa, wanda bai sani ba ya taya ni da addu'a.

Ni a wani ƙauye nake tsakanin Wudil da Gaya. Da aka gama girbi, sai na kama koyon Blender, manhajar zanen 3D, a tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mini, caji kuwa sai na kai ta shagon mai sola. Wata huɗu na yi ina fama da A Daidaita Sahun maƙwabcinmu, ƙirar Bajaj RE. Na auna shi da tef ɗin tela, na ɗauki hotonsa gaba da baya, har yagewar kujerar baya da aka ɗinke da zaren buhu sai da na saka. Tambarin Bajaj na nan a goshinsa. Bayan shi na yi babur Boxer da kwalbar Coca-Cola.

Yanzu ina so in ɗora su a CGTrader ko TurboSquid, shafukan sayar da zanen 3D, ko Allah zai sa a samu na data. Wani abokina ya ce kar in kuskura, kamfani zai iya maka ni a kotu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ban saci fayil ɗin kowa ba, da hannuna na zana komai. Kuma ba wanda zai hau wannan keken ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a. To ina laifin yake?

Lauyan Dutse:

Wa'alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Abokinka ya ɗan tsorata ka fiye da kima, amma ba ƙarya ya yi ba.

Guminka naka ne. In wani ya kwafi fayil ɗinka ya sayar, kai ke da bakin magana, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023 tana bayanka. Sai dai sunan da tambarin ba su shiga guminka ba, alamar kasuwanci ce ta masu ita. Ka ɗauka ka ƙera ƙofa da ƙarfenka, sannan ka buga mata hatimin wani maƙeri ka kai kasuwa. Ƙarfen naka, hatimin fa? Doka kuma ba tambayarta ko keken na tafiya. Tambayarta ita ce ko mai saye zai ɗauka da yardar kamfanin ka yi, kuma ko sunan ne ke sayar maka da kayan. Ka faɗa wa kanka gaskiya: in ka rubuta "keke mai ƙafa uku" kawai, mutum nawa ne za su nemo shi?

Alamar kasuwanci ba ta tsufa muddin ana sabunta ta. A Najeriya rajistar farko shekara 7 ce, daga nan sai 14 bayan 14. Rajistar ƙirar kaya kuwa shekara 5 ce, a sabunta sau biyu, iyaka 15. Shi ya sa kwalbar nan ta fi ba ni tsoro a cikin kayanka uku. Tun 1915 aka fito da ƙirarta, kuma a Amurka siffar kanta rajistar alama gare ta. Ko ka kankare rubutun, ƙugun nan nata ya isa shaida.

An sha yin shari'a a kan irin wannan. A 2016 BMW ta kai TurboSquid ɗin da kake magana kotu a New Jersey saboda zanen motocinta da ake sayarwa, aka janye ƙarar ba a kai ga hukunci ba. A 2020 masu ƙera motar soja Humvee sun sha kaye a hannun Activision, masu yin wasannin bidiyo, a New York, alƙali ya ce sa motar cikin wasan Call of Duty aikin fasaha ne, don yaƙin ya yi kama da na gaske. Kar wannan ya ruɗe ka, can motar ɗan ado ce cikin labari, kai kuwa keken ne hajar gaba ɗaya. A 2023 kuma Hermès, mai yin jakar Birkin, ta yi nasara a kan Mason Rothschild, wanda ya sayar da hotunan jakar Birkin na kwamfuta zalla, aka ɗora masa kimanin dala 133,000. Shi ma ba wanda ya taɓa zuba kaya a jakarsa.

Maganar gaskiya, da wuya wani ya taso daga Pune, inda hedkwatar Bajaj take a Indiya, ya zo nemanka a Gaya. Abin da aka saba gani shi ne kamfani ya rubuta wa shafin, shafin ya sauke kayan, in abin ya maimaitu a rufe maka shago. Akwai lasisin da suke kira Editorial, wanda mai saye zai yi amfani da zanen a labarai ko koyarwa kawai, ban da talla, ban da kayan sayarwa. Yana rage haɗari, amma ba izinin kamfani ba ne. Izini takarda ce da kamfanin da kansa ya sa wa hannu.

Maman Ikram:

Ɗana ka ji maganar Barista. Ni surfanin kwamfuta nake yi a Kazaure, na huluna da wuyan riga. Na taɓa buɗe shago a wani shafin waje ina sayar da fayilolin surfani, yawanci zanenmu ne, dagi da aska takwas da sauransu. Sai kwaɗayi ya sa na ƙara tambarin wani kamfanin kayan wasanni guda uku, don su aka fi nema. Ba a rufa wata biyu ba saƙo ya zo. Guda ukun nan suka ja wa zane sama da arba'in, shago ya tafi da taurarin yabon da na tara. Abin haushin, dagin ne wata mata a Kanada ta saya sau biyu.

Direban Sahu:

Haba jama'a! Ku shiga Kwari ko Wambai ku ga riguna da silifas, tambarin wa ne babu? Wa aka kama? Yaro ɗora kayanka.

Lauyan Dutse:

Malam Direba, mai tebur a Wambai sai an tako ƙafa an zo a gan shi. Shi wannan sunan kamfanin zai rubuta a shafin da duniya ke bincikawa, ga sunansa, ga asusun da za a biya shi. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Gaya:

Na gode Barista, na gode Mama, Allah ya mayar da alheri. Daren jiya na cire tambarin, na canza fitilar gaba da gilashin, na ɗan faɗaɗa hancin. Kwalbar na ajiye ta a gefe, ta zama ta nuna wa masu ba da aiki. Da na bincika shafukan ma ban ga amalanken shanu irin namu ko rumbun kara mai kyan gani ba, don haka gobe su zan kama aunawa da tef ɗin.

Saura abu ɗaya. Fentin ruwan ɗorawa da rubutun da ke bayan keken, "Komai Lokaci Ne", su ma sai na cire?

Lauyan Dutse:

Bar fentin, bar rubutun. Amma ka goge lambar keken, kuma ka gaya wa maƙwabcin naka kafin ya gani a wayar wani.