Masu ƙirga tsuntsayen ruwa a Kanada, me suke nema?

Ɗan Tabalak:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya ce duk shekara akwai masu zama bakin tabki suna ƙirga wani tsuntsu mai suna lun, wanda hotonsa ke jikin kwabon dala ɗaya na ƙasar, kuma ba biyansu ake ba. Ni masunci ne. A tabkinmu akwai wani ɗan ƙarami mai nutsewa, ka gan shi nan, sai ya ɓullo can. Danginsu ɗaya? Kuma ƙirgar me take hanawa?

Mushen Lakwal, Tawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Naku gireb ne, ba dangi ɗaya ba, hali ne ya zo ɗaya. Ƙafafunsu can baya suke, sun ƙware a nutso, tafiya a tudu kuwa sai da ƙyar. Shi ya sa lun ke sheƙa dab da ruwa, ƙwai biyu galibi. Ruwa ya ƙaru ya cinye sheƙar, ya janye ya bar ta ga namun daji. A lardin Ontariyo na Kanada aka fara ƙirgar a 1981, kuma 'ya'yan suka fi sa wa ido: nawa suka kai sati shida a raye. Lun yana wuce shekara 20, sai ka riƙa ganin manya kana cewa lafiya lau, alhali haihuwa ta ja baya. Ta haka ake gane tabkin da ruwan sama mai asid ya ɓata, ko wanda zaiba ta shiga kifinsa.

Hajiyar Yamai:
Mu da ke fama da tsadar hatsi, ina mu ina ƙirga tsuntsu, fisabilillahi?

Tsohon Ɗan Gandun Daji:
Hajiya, a yi haƙuri, kifin da tsuntsun ke ci shi muke ci. A jihar Niyu Hamsha ta Amurka akwai kwamitin kare lun tun 1975. Da suka yi ta buɗe cikin matattun, sai ga dalmar da masu fatsa ke ɗaura wa ƙugiya. A 2000 jihar ta hana amfani da ƙananan dalmar. A Madagaska kuwa gireb ɗin tabkin Alaotra ya ƙare ƙaf, aka sanar a 2010. Ragar nailan da baƙon kifi mai cin 'ya'yansa ake zargi. Tabalak ma tana cikin jerin Ramsar, wato jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, tun 2005, kuma Janairu ne watan ƙirgar tsuntsayen ruwa ta duniya.

Ɗan Tabalak:
Baba, maganar raga ta taɓa ni, don namu gireb ɗin yakan maƙale a tamu, da asuba mu tarar ya mutu. Amma masu zuwa da madubin hangen nesa su riƙa tambayarmu. Sheƙarsa cikin ciyawa take, bisa ruwa, kuma in ya ji motsin jirgi sai ya rufe ƙwan da ganye ya nutse. Daga gaɓa ba mai ganin wannan.