Ƙasar da muka gani a talabijin da wadda muka tarar

Babbar Yaya, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu shiga shirin musayar ɗalibai na YES, in Allah Ya yarda zai yi shekarar karatu guda a Amurka, a hannun wani iyali. Tun da sakamako ya fito ba shi da aiki sai zama gaban dish, wai yana koyon rayuwar can. Hajiyarmu kuwa labaran harbe-harbe a makarantu sun hana ta barci. Don Allah waɗanda suka taɓa fita karatu, ko wace ƙasa ce, abin da talabijin ya nuna muku shi kuka tarar?

Tsohuwar 'yar YES:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah Ya sanya alheri. Ni ma ta shirin na je. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, don 'yan sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa, kuma ɗalibi ba shi ke zaɓar jihar da za a kai shi ba. Ki fara gaya masa wannan.

Ni a kaina Amurka duk New York ce, dogayen benaye, tasi ruwan ɗorawa, 'yan sanda na bin ɓarayi da jiniya. Sai ga ni a Iowa. Daga filin jirgin Des Moines muka miƙi hanya, masara a hagu, masara a dama, can sai waken soya, na ce a raina wannan ai hanyar Saminaka ce. Garin da aka sauke ni babban titi ɗaya ne, da gidan mai, da coci-coci, da makaranta. Aladun da ake kiwo a jihar sun ninka mutanenta sau da yawa, don haka matar gidan, Allah Ya saka mata, sai ta koyi karanta bayan kwalin abinci saboda ni. Har alewa sai ta duba ko da gelatin a ciki, wani sinadari da akan samo daga alade.

Abin da nake so a gane, talabijin iri biyu ne. Akwai wanda suke sayar wa duniya, shi muke gani a gida. Akwai wanda suke kallo a falonsu, shi ne ya koya mini ƙasar. Ƙarfe goma na dare mai gidan zai kunna labaran yankin, kuma babu abin da ake jira kamar hasashen yanayi. Da hunturu sunayen makarantun da aka rufe saboda ƙanƙara ke bi ta ƙasan allo, mu yara mu zuba ido muna jiran namu. Da bazara in aka katse shiri aka ce guguwa ta taso, kowa ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba musu. Daren Juma'a kuma ƙwallon 'yan sakandare ake nunawa, irin tasu ta hular kwano, har ka ga ɗan ajinku a allo. Tallan magani ma abin kallo ne: tsoho na wasa da jikansa cikin murmushi, murya na lissafa illolin maganin, har da mutuwa.

Batun Hajiya, ba zan ce babu ba, akwai. A makarantarmu ana atisaye, a kulle aji, a kashe fitila, kowa ya laɓe ya yi shiru. Ranar farko jikina ya yi sanyi. Amma bindigogin da na gani da idona na farautar barewa ne, a kulle cikin akwatin ƙarfe.

Su ma fa talabijin ya gama yi musu bayaninmu kafin mu iso. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014, da ka ce Najeriya an san abin da za a tambaye ka. Wani yaro ya tambaye ni tsakaninsa da Allah ko zaki na shigowa unguwarmu. Na ce ni ma a gidan zoo na taɓa ganinsa.

Bakano a Chennai:
'Yar uwa, ke da sauƙi, tunda ko ba komai Turancin da kika ji a allo shi kika tarar. Ni fa da finafinan Indiya aka yaye ni, tun na kaset har zuwa masu fassarar Hausa. Na tafi ina taƙama na iya Indiyanci, na san gaisuwa, na san ƙirge. Jami'ar da na samu a Chennai take, jihar Tamil Nadu, inda Tamil ake yi. Na zuba wa mai Keke Napep Hindi, ya dube ni ya kaɗa kai. Ashe mutanen nan sun daɗe suna adawa da a ɗora musu Hindi, har zanga-zanga suka yi a kai a 1965. Finafinansu daban, jarumansu daban, abincinsu shinkafa safe da rana. Harsuna 22 ne tsarin mulkin ƙasar ya lissafa, mu ɗaya muka riƙe muka ce shi ne Indiya.

A ɗakin kallo na hostel kuwa babu rawa babu waƙa, kurket ne. In lokacin gasar kurket ta IPL ya zo, gari duk rigar ruwan ɗorawa ta ƙungiyar Chennai. In ba kurket ba, tashar labarai, an jera mutane a ƙananan akwatuna kowa na ihu lokaci guda.

Abin da ya fi ci mini rai, fim bai taɓa nuna mini yadda ake kallon baƙar fata ba. Tallan man ƙara hasken fata ba ya yankewa. A watan Maris na 2017 aka far wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, muna kallo a allo daga kudu. A makon mai gidan da muke haya ya fara zagaye-zagaye, wai maƙwabta na tambayarsa me muke sayarwa. Soyayyar da muke wa ƙasar nan tun zamanin silima, yawancinsu ba su ma san da ita ba. Duk da haka ba zan manta da azumi a unguwar Triplicane ba, ana miƙo maka kunun shinkafarsu mai zafi a masallaci, ba wanda ya tambayi ƙasarka.

Malam Mai Alli:
Ku daina ganin laifin akwati. Mai fim kasuwa yake nema. In baƙo ya koyi Kano daga finafinanmu, zai zo yana neman gidan sama mai falo uku da budurwa na kuka a lambu, ba zai san da Kantin Kwari ba balle cunkoson Kurna.

Ɗan Sakkwato a Konya:
Malam, gaskiyarka, amma ni akwatin ya yi mini rana. Finafinan tarihin Daular Usmaniyya ne suka sa na nemi tallafin karatun Turkiyya, na zata zan tarar da masu rawani da takobi, kowa bakinsa da ambaton Allah. Ƙasar jamhuriya ce tun 1923, gwamnati ba ta addini ba. Konya da dama-dama, garin Maulana Rumi ne, akwai riƙon addini. Da na je Izmir cikin azumi na ga ana shan shayi a bakin titi da rana tsaka, sai da na duba waya ko na ɓata lissafin wata.

Sai dai a shekarar koyon harshe malamarmu da kanta ta ce mu riƙa kallon wasanninsu, kuma kashi ɗaya kan wuce awa biyu. A nan na ga yadda yaro ke sumbatar hannun babba ya ɗora a goshi. Ranar da abokina ya kai ni gidansu hutun Sallah, na cire takalmi a ƙofa, na kama hannun kakarsa na yi mata haka. Tsohuwar nan ta rungume ni, ta yi ta cika mini ɗan kofin shayi har na rasa yadda zan ce ya isa. Da magariba kuma cikin azumi tashoshi na sanar da shan ruwa gari-gari, daga gabas zuwa yamma, da asuba mai ganga ya zaga unguwa yana tashin sahur.

'Yar Damagaram:
Mu mutanen Nijar da tele ɗin Faransa muka tashi, Canal+ da TV5, sai muka ɗauka ko'ina Paris ce. Ni Limoges aka tura ni. Ran Lahadi kusan duk kantuna a rufe, gari tsit. Labaran ƙarfe ɗaya na rana ne suka nuna mini ainihin ƙasar: ƙauyuka, makiyaya, masu cuku, masu gasa burodi. Mu kuwa ba a ambatonmu sai in maganar uraniyom ɗin Arlit ce ko ta sojoji. Kuma har na dawo wata maƙwabciyata ba ta daina tambayata labarin Legas ba, ta ɗauka Nijar ce Najeriya.

Babbar Yaya, Kaduna:
Na gode ƙwarai, zan karanta wa Hajiya. To me zai riƙa kallo kafin tafiyar?

Tsohuwar 'yar YES:
Yaya, ku jira takardar da za ta faɗi gari da iyalin. Da ta zo ya nemi tashar labaran yankin a YouTube, ya kalli na watan Janairu musamman. Ya koyi ma'aunin Fahrenheit, 32 a wurinsu shi ne sifili a namu, kada ya ji an ce talatin ya fita da 'yar shara. Ya tafi da hotunan gida da na kasuwa da na hawan Sallah, don a watan Nuwamba za a sa shi ya yi wa 'yan makaranta bayanin ƙasarsa. Kilishi kam kada Hajiya ta sa masa a jaka, ba a shiga da nama, a filin jirgi za a karɓe, in bai bayyana ba ma ana iya cin sa tara.